Ba na jin Sifaniyanci, ko zan fahimci wasan kiɗan Kyuba a dandamali?

Wata baiwar Allah mazauniyar New York ce ta aiko da wannan tambaya: "Assalamu alaikum Malam. 'Yata ta saya mana tikitin wasan Buena Vista Social Club da ake yi a Broadway, wai in je in ga kiɗa da rawar mutanen Kyuba. To ni ko kalma ɗaya ta Sifaniyanci ban sani ba, kuma an ce mini duk waƙoƙin da shi ake yin su. Zan fahimci wani abu kuwa, ko zaman kurma zan yi? Sannan ya dace in tafi da jikokina biyu?"

Wa alaikumus salam Hajiya. Ki je, kada ki bari tikitin nan ya tashi a banza. Gaskiya aka faɗa miki, waƙoƙin duka da Sifaniyanci ake rera su, kuma ba a fassara su a wani allo. Amma hirar da 'yan wasa ke yi tsakaninsu da Turanci ce, don haka zaren labari ba zai kuɓuce miki ba. Na daɗe ina koyar da kiɗe-kiɗen Afirka da na zuriyarta da aka kwashe zuwa ƙetaren teku, na taka ƙasar Kyuba da ƙafata, wannan wasa kuma sau biyu na kalle shi. Abin da zan ce miki da yaƙini shi ne, kunnen da ya tashi yana jin kalangu da 'yan amshi ya riga ya san rabin abin da ake yi a dandamalin nan tun kafin a ɗaga labule. Sauran rabin ne zan ɗan buɗe miki.

Ki fara da wasu 'yan sanduna biyu na katako, kowanne bai fi kamu ɗaya ba. Suna kiran su kilabe, kuma ma'anar kalmar a harshensu mabuɗi ne. Mai riƙe da su bugu biyar kawai yake yi, ya sake, ya sake, har waƙa ta ƙare: uku a gaba, ɗan shiru, biyu a baya. In kina son ki ji shi a tafin hannunki, ki ƙirga ɗaya zuwa sha shida da sauri ba tare da tsayawa ba, ki tafa a kan 1, da 4, da 7, da 11, da 13, sannan ki koma farko. Da fari zai yi miki kamar tafiyar gurgu. Ki daure ki maimaita sau goma, za ki ji ya zauna daram. Wasu waƙoƙin kuma juya shi ake yi, biyun su riga ukun. Duk wanda ke kan dandamali, daga mai fiyano zuwa mai busa zuwa yarinyar da ke rawa can ƙarshe, a kan bugun nan biyar yake ɗora nasa. Ko a waƙar da ba a ɗauki sandunan ba, suna nan cikin kan kowa. Babu abin kunya wurin makaɗin Kyuba irin a ce ya saɓa wa kilabe, kamar dai yaron makaɗi ya ɓata wa ubangidansa take a gaban sarki.

Da kin kama wannan, sai ki mayar da kunne kan ƙaton abin tsirkiya mai kama da goge, wanda ake kafa shi a ƙasa a tsaya a bayansa ana fizga. Shi ne bas. Yawancin kiɗan da muke ji a rediyo yau, bas a kan bugun farko yake dira, ɗim. Na Kyuba kuwa kauce wa bugun farkon yake yi, ya riga shi sauka da ɗan kaɗan, ya bar gurbin a buɗe. Wannan gurbi shi ke jan ƙugu. Masu rawar gargajiya ta Son, wato uban waɗannan kiɗe-kiɗe, su ma a kan bugun farko suke ɗan dakatawa, su taka na biyu da na uku da na huɗu. Shi ya sa za ki ga kamar suna yawo a kan ruwa, ba gaggawa, alhali kiɗan na gudu.

Son ɗin nan daga gabashin tsibirin ya fito, yankin Santiyago da Gwantanamo, wajen ƙarshen ƙarni na 19, ya iso Habana babban birni a farkon ƙarni na 20. A shekarun 1920 aka ƙara masa ƙahon tagulla, ƙungiyar ta zama ta mutum bakwai. A shekarun 1940 wani makaho mai suna Arsenio Rodríguez ya shigo da fiyano da doguwar gangar konga, ya ƙara yawan masu busa, kuma daga wannan gini nasa ne kiɗan salsa ya tsiro daga baya a nan New York inda kike zaune. Kayan kiɗan ba za su yi miki baƙunta ba. Akwai wani dogon duma mai kama da shantu, an yi masa tsaga-tsaga ana karta shi da tsinke. Akwai caki guda biyu, ɗaya a kowane hannu. Akwai tagwayen 'yan ganguna da ake maƙalewa tsakanin gwiwoyi, su ne bongo, kuma in kiɗa ya yi zafi mai bongon yakan ajiye su ya ɗauki wani ƙarfe mai amo irin na kuge. Sai tires, wata ƙaramar jita mai tsirkiya shida da aka jera biyu-biyu gida uku. Ba a sharɓa ta kamar jita, tsinta ake yi ɗaya bayan ɗaya, jimla guda ana ta juya ta, kamar yadda mai gurmi ke yi.

Amma wurin da nake so ki fi zuba kunne shi ne inda waƙa ke rabuwa biyu. Kashin farko mawaƙi ne ke rera baitocinsa a tsanake, labari ne da aka tsara. Can sai ki ji ƙarfen nan ya shigo, kiɗa ya ɗaga, sauran makaɗa sun kama wata 'yar gajeriyar jimla suna maimaitawa tare. Wannan kashi na biyu sunansa montuno. Hajiya, gindin waƙa ne da amshi, ba ragi ba ƙari. 'Yan amshi na riƙe da gindi, shi kuma jagora yana saƙa ɗiyan waƙa nan take a tsakani: ya yabi wani, ya yi wa wani zambo, ya kira sunan garinsu, ya tsokani mai busa. A Santiyago akwai wani tsohon gidan mawaƙa a titin Heredia, ana ce masa Casa de la Trova. Na zauna a can wata rana da hantsi, ƙofofi a buɗe, mutane cike da taga daga waje. Wani dattijo mai farar hula, haƙoransa ba su fi huɗu ba, ya hango ni baƙo, sai ya sako ni cikin waƙa. Ban kama duk abin da ya ce ba, amma na ji kalmar Afirka, na ga ya nuna ni da haɓa, ɗakin ya ɗauki sowa, 'yan amshi suka karɓe ba tare da sun rasa ko bugu ɗaya ba. Hannuna ya kai aljihu kafin in yi tunani, don abin da jikina ya sani ke nan in mawaƙi ya ambace ka a fili. A wasan da za ki gani an riga an tsara komai, ba a sako 'yan kallo a waƙa, amma ginin ɗaya ne. Duk inda kika ji an shiga amshi, kin iso gida.

Wannan kama ba haɗuwar banza ba ce. Kyuba ba ta soke bauta ba sai 1886, kuma jiragen bayi sun ci gaba da sauke mutane a can har cikin shekarun 1860, saboda gonakin rake. Da yake an kai su a makare kuma da yawa, ba su manta ba. Yarabawa, waɗanda ake kira Lukumi a can, sun riƙe gangunan bata guda uku, babbar har yau sunanta iya, wato uwa. Mutanen yankin Kalaba sun kafa ƙungiyar Abakuwa a garin Regla a 1836, reshen ƙungiyar Ekpe ta gida. Akwai na Dahomi, akwai na Kwango. Daga Sifaniya kuma aka samu jita da harshe da tsarin baiti. Daga baya kiɗan ya sake tsallako teku ya dawo a kan faifan garmaho tun shekarun 1930, mutanen Kinshasa suka ji shi suka gina rumbarsu a kai, Dakar da Konakiri suka kafa manyan ƙungiyoyi a kansa, gwamnatin Mali ma ta tura matasa Habana a 1964 su koyo kiɗa, cikinsu har da Boncana Maïga ɗan Gao.

Faifan da aka gina wasan a kansa, mai suna ɗaya da wasan, shi ma da 'yan Mali aka shirya yin sa. A watan Maris na 1996, Nick Gold mai kamfanin World Circuit na Landan da Ry Cooder makaɗin jita ɗan Amurka suka isa Habana da niyyar haɗa makaɗan Kyuba da wasu biyu daga Bamako: Djelimady Tounkara mai jita, da Bassekou Kouyate mai ngoni, wadda 'yar'uwar molo ce. Takardun tafiya suka maƙale, baƙi ba su zo ba, ga ɗakin ɗaukar sauti na EGREM an riga an kama. Sai Juan de Marcos González, wanda dama ya daɗe yana fafutukar farfaɗo da tsohon Son, ya cike gurbin da dattawan da ya tattaro. Cikin mako guda aka gama. Faifan ya fito a 1997, ya ci lambar Grammy a 1998, aka sayar da miliyoyi, a ranar 1 ga Yulin 1998 kuma dattawan suka hau dandamalin Carnegie Hall, shahararren zauren kiɗa na New York. Haɗin da aka so yi da Mali sai a 2010 ya fito, da sunan AfroCubism.

Su wane ne dattawan? Compay Segundo yana da shekara 88 a lokacin, ya yi shekaru yana naɗa taba sigari don ya ci abinci. Laƙabinsa Segundo, wato na biyu, daga aikinsa na waƙa ya samo shi, shi ne murya ta biyu, mai kauri, da ke bin ta farko daga ƙasa. Rubén González mai fiyano yana da 76, ciwon gaɓoɓi ya kama masa yatsu, gidansa ma babu fiyano. Ibrahim Ferrer yana da 69, ya bar waƙa cikin ɓacin rai, yana goge takalma a titi don ya cika ɗan fanshonsa, a shekarun da Kyuba ta shiga matsananciyar yunwa bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991. Sunan zai ja hankalinki, amma addinin gargajiya na Lukumi gauraye da Katolika yake bi. Tsawon rayuwarsa shugabannin ƙungiyoyi na ajiye shi a sahun amshi da waƙoƙin rawa masu sauri, suna ce masa muryarsa ba ta dace da bolero ba, wato waƙar bege mai sanyi. Da bolero ɗin duniya ta san shi. A shekarar 2000, yana da 73, aka ba shi lambar Latin Grammy ta sabon mawaƙi. Da tsohuwar zuma ake magani, amma ni duk lokacin da na tuna shekarun da mutumin nan ya yi a baya yana riƙe wa wasu amshi, raina yakan sosu. Compay da Rubén sun rasu a 2003, Ibrahim a 2005.

Mace ɗaya ce a faifan, Omara Portuondo, haifaffiyar 1930, kuma a kanta aka ɗora labarin wasan. Ana kai-kawo tsakanin zamani biyu: 1996 a ɗakin ɗaukar sauti, da ƙarshen shekarun 1950, jajibirin juyin juya halin da ya kawo Fidel Castro mulki a Janairun 1959. Don haka manyan taurarin kowannensu mutum biyu ke fitowa a madadinsa, matashi da tsoho. Ki riƙe wannan tun farko, shi ne abin da ya fi rikita masu zuwa karon farko. Za ki ga Omara budurwa tana waƙa da yayarta Haydée a Tropicana, gidan rawar masu kuɗi da baƙi 'yan yawon buɗe ido, sannan ta gano wani kulob na baƙaƙen fata a unguwar Buenavista ta yankin Marianao, inda talakawa ke kiɗa don kansu. Kulob ɗin gaskiya ne, ya wanzu, domin a wancan zamani wuraren shaƙatawa a rabe suke bisa launin fata, kuma an rufe irinsa bayan juyin juya hali. Ita kanta Omara ta san zafin wannan rabo daga cikin gida: mahaifiyarta 'yar masu hali ce jinin Sifaniya, ta auri baƙin mutum ɗan wasan ƙwallon besbol, danginta suka juya mata baya.

A nan zan faɗa miki ra'ayina ba ɓoye-ɓoye. Labarin da Marco Ramirez ya rubuta ƙagagge ne a wurare da yawa, kuma bai kai kiɗan nauyi ba. Soyayyar ƙuruciya da aka ƙulla tsakanin Omara da Ibrahim ta dandamali ce. Omarar da aka nuna ta kulle kanta a gida ta yi fushi da duniya ita ma ta dandamali ce, domin ta gaskiyar ba ta taɓa barin waƙa ba. Gaskiya ne Haydée ta koma Amurka ita kuma ta zauna a Kyuba, amma an matse shekaru an mayar da abin kamar dare ɗaya. Siyasar juyin juya halin kuma an bi ta gefenta ne a hankali, ba a taka ta ba. Kada ki fito ki ce kin karanta tarihi. Sai dai akwai abu biyu da na yaba ƙwarai. An dawo da Juan de Marcos tsakiyar labari, bayan shekaru ana ba da shi kamar wani Ba'amurke ne ya je ya tono dattawan daga kabari. Sannan Saheem Ali, wanda ya ba da umarni, haifaffen Kenya, bai tura makaɗa cikin ramin gaban dandamali ba kamar yadda aka saba a Broadway. Suna sama, a tsakiya, fitila a kansu. A bikin lambobin Tony na 2025, wato lambobin yabo na wasannin Broadway, an ba ƙungiyar makaɗan nan lamba ta musamman, ban da guda huɗu da wasan ya ci, ciki har da ta tsara rawa da ta Natalie Venetia Belcon wadda ta fito a Omara dattijuwa.

Rawar kuma gauraye ce. Patricia Delgado, wadda iyayenta 'yan Kyuba ne, da mijinta Justin Peck suka tsara ta, kuma dukansu daga rawar bale ta Turawa suka fito. Za ki ga tsalle da ɗaga mace sama da miƙe ƙafa, waɗanda ba za ki gani a tsakar gidan Habana ba. Wasu abokan aikina sun ƙi wannan. Ni ban ƙi ba, domin dandamali mai kujeru sama da dubu yana buƙatar motsin da na can baya zai hango. Amma in kina son ki gane wanda rawar ke cikin jininsa, ki bar kallon ƙafa, ki dubi kafaɗa da ƙirji. Gwiwa a ɗan lanƙwashe, nauyi a ƙasa, kafaɗa na tafiya da nata lokaci daban da na ƙugu.

Batun jikoki, ba ki faɗi shekarunsu ba, don haka ga abin da ke ciki ki auna da kanki. Rabin labarin a gidajen rawa na dare yake faruwa. Maza da mata na rawa riƙe da juna, jiki na haɗuwa, kayan 'yan rawar Tropicana ba masu rufe jiki ba ne, ana shan giya a cikin labari ana kuma ambatonta. Wasu waƙoƙin rawar suna da harshen damo, sama maganar gobara ko girki, ƙasa maganar manya, sai dai wannan wanda ba ya jin Sifaniyanci ba zai kama ba. Babu tsiraici, babu zubar da jini. Da ni ne, ɗan ƙasa da shekara goma sha biyu zan bar shi a gida, ko don tsawon zaman, domin wasan ya ɗan haura awa biyu har da hutun tsakiya. Wanda ya girmi haka kuma, in tarbiyyar gidanku ta yarda da kallon irin wannan, ki zauna kusa da shi ku yi maganar launin fata da rabuwar 'yan'uwa a hanyar komawa. Yaran da suka tashi a ƙasar da ba ta iyayensu ba suna gane labarin wanda ya tafi da wanda ya zauna fiye da yadda muke zato. In kuma ke kanki zuciyarki ba ta kwanta da abin da na lissafa ba, faifan na nan, ki saurara a ɗakinki, babu wanda zai ga laifinki.

Gidan wasan shi ne Gerald Schoenfeld, a titi na 45 kusa da Times Square. Ki isa da rabin awa a hannu saboda layi da binciken jaka, ki dubi lokacin salla ki daidaita tun daga gida, musamman in wasan rana ne. Ba a ɗaukar hoto ko bidiyo. In akwai damar zaɓen kujera, layukan gaba na bene ta tsakiya sun fi nuna tsarin rawa, ƙasa kuma ta fi kusantar da ke ga hannun makaɗa. Kafin ranar, ki sa faifan 1997 sau biyu ko uku kina aikin gida, kina neman bugu biyar ɗin nan. Tafi da sowa bayan makaɗi ya gama nuna bajintarsa ba laifi ba ne a wannan wasa, ana ma so.

Idan aka zo bolero, fitilu suka yi ƙasa, ganguna suka koma raɗa, ki daina ƙirga komai. A zuwana na biyu wata tsohuwa ce a damana, gashinta fari fat, da jaka a cinya ta riƙe da hannu biyu. Tun farko ba ta tafa ba, ba ta motsa ba. Da mai fitowa a Ibrahim ya buɗe baki, sai na ji wata siririyar murya a gefena tana bin sa kalma da kalma, tana ma riga shi da ɗan kaɗan kamar mai tuna masa. Jikarta ta miƙo mata hankici, ta ture hannun a hankali ba ta ko waiwaya ba, ta ci gaba har baiti na ƙarshe. Da aka kunna fitilu na gaishe ta, ta dafa ƙirjinta ta ce mini "Marianao", ta ɗaga yatsu tana nuna shekarun da ta yi rabonta da can, yatsun ba su isa ba, sai jikar ta ce sittin da biyu.